Na Gyara wa Ƙanena Turanci, Ya Daina Ɗaukar Wayata

Assalamu alaikum. Ni ne babba a ɗakinmu, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni nake ɗauke da karatun ƙannena. Autanmu ya gama jami'a shekara biyu ke nan, har yanzu bai sami aiki ba. Abin da ke damuna shi ne yadda yake rubuta Turanci: ba aya, ba waƙafi, ba babban baƙi, kalmomi duk a guntule, kuma yakan rubuta "there" inda ya kamata ya rubuta "their". Duk lokacin da ya yi rubutu a zauren WhatsApp na danginmu nakan gyara masa nan take, don ina tsoron kada ya saba har ya kai irin wannan rubutu cikin takardar neman aiki. Amsarsa kullum ita ce, "Yaya, ai ka gane abin da nake nufi." A watan jiya ya rubuto dogon saƙo yana shaida mana cewa an sake ƙin ɗaukarsa bayan ya yi intabiyu. Na jajanta masa, sannan na nuna masa kurakurai huɗu a cikin saƙon. Ya fice daga zauren, kuma yanzu sai na kira sau uku kafin ya ɗauka. Mahaifiyarmu ta ce in ba shi haƙuri, matata ta ce na cika tsanani, ni kuwa ina ganin gata nake yi masa. Shin nahawu da ƙa'idar rubutu sun daina amfani ne a wannan zamani? Ni ne da laifi?

Daga wani yaya mai damuwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da na fara gani a cikinta shi ne fargabar mutumin da ya ɗauki nauyin karatun yaro tun daga tushe, ya ga an kai ƙarshe, sannan ya shafe shekara biyu yana jiran ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Wanda bai damu da ƙanensa ba ai ba zai tsaya yana ƙirga masa waƙafi ba, saboda haka ba zan yi maka magana kamar wanda ya yi nufin wulaƙanci ba. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta hana magana yin rauni, kuma tunda ka tambaye ni kai tsaye, zan amsa maka kai tsaye. Game da abin da ya faru ranar da ya ba ku labarin intabiyun, e, laifin naka ne, kuma mahaifiyarku tana da gaskiya. Game da ko ƙa'idar rubutu tana da muhimmanci kuwa, amsar ta fi haka tsawo, kuma kowannenku yana riƙe da wani ɓangare nata.

Ka sake duban ranar nan daga inda yake tsaye. Ya shirya, ya je ya zauna a gaban mutanen da bai sani ba, sun auna shi, sun ce bai kai ba. Ya dawo inda yake zaton ba a auna mutum, ya buɗe wa 'yan'uwansa cikinsa, sai ya tarar da wani ma'aunin yana jiransa, a hannun wanda ya fi jin nauyinsa a duniya, kuma a idon dangi baki ɗaya. Na san ka fara da jaje, amma mai baƙin ciki ba ya riƙe jimlar farko, ta ƙarshe ce take kwana da shi. Kai kurakurai huɗu ka lissafa, shi kuwa abin da ya karanta shi ne cewa yayansa ma yana ganin bai cancanta ba. Kada ka ɗauki ficewarsa daga zauren a matsayin rashin kunya. Sau da yawa wannan ita ce kaɗai hanyar da ƙane mai ladabi yake da ita ta kare kansa ba tare da ya mayar wa na gaba da shi magana ba.

Akwai wani abu a cikin wasiƙarka da nake ganin ka tsallake shi ba ka lura ba. Ka ce an ƙi ɗaukarsa ne bayan ya yi intabiyu, har ka ce "an sake", wato ba karo na farko ba ne. Ba a kiran mutum intabiyu sai takardarsa ta tsallake tantancewar farko, inda ake zubar da mafi yawan takardu. Ke nan rubutun da yake aika wa masu ɗaukar aiki ya yi masa aikin da ake buƙata, ya kai shi har cikin ɗaki. Ban ga inda ka ce ka taɓa karanta takardar neman aikinsa ba. Idan ba ka taɓa ba, to shekara biyu ke nan kana ba da maganin ciwon da ba ka tabbatar yana jikinsa ba, kuma hujjar da ke hannunka ita ce hirar waya, wadda ita ce mafi raunin hujja a kan yadda mutum yake rubutu idan ya natsu.

Na ce mafi rauni ne saboda saƙon waya ya fi kusa da maganar baka fiye da wasiƙa. Ana rubuta shi da babban yatsa, cikin sauri, ga wanda ya san ka, kuma idan bai gane ba zai tambaye ka a cikin daƙiƙa kaɗan. Guntule kalmomi ya yaɗu ne tun zamanin da saƙon tes ɗaya ba ya wuce haruffa 160, kuma sai an danna maɓalli ɗaya sau uku ko huɗu kafin a sami baƙi guda. Wayoyi sun canza, sabon ya zauna. Har ma alamomin rubutun sun sami wata ma'ana dabam a cikin hira. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Binghamton ta jihar New York, wanda aka wallafa a 2016, an nuna wa ɗalibai 126 gajerun amsoshi irin su "Okay" da "Sure", wasu da aya a ƙarshe, wasu ba aya. Ɗaliban sun ɗauki masu ayar a matsayin amsar da ba ta fito daga zuciya sosai ba. Da aka nuna irin waɗannan amsoshi a rubuce da hannu a takarda kuwa, ayar ba ta canza komai ba. Wannan yana nuna maka cewa matashin da ya bar aya a saƙon waya mai yiwuwa ne ya san wurinta sarai, yana bin al'adar wurin da yake rubutu ne, inda aya takan yi kama da ɗaure fuska. Saboda haka maganarsa ta "ai ka gane abin da nake nufi" tana da gaskiya a muhallinta. Manufar saƙon ita ce ku san halin da yake ciki, kuma kun sani.

Ina so kuma ka sassauta wa kanka da shi game da rubuta kalmomin Turanci daidai, domin wahalar a jikin harshen take. Turanci yana da sautuka kusan 44 amma haruffansa 26 ne, kuma haruffa huɗu ɗin nan na "ough" ana furta su dabam-dabam a "though" da "through" da "rough" da "cough". Dalilin yana cikin tarihi. William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, a daidai lokacin da furucin wasulan harshen yake cikin babban sauyi, sai rubutu ya fara daskarewa a takarda alhali baki yana ci gaba da tafiya. An daɗe kowa yana rubuta kalma yadda ta zo masa, har shi kansa Shakespeare, shahararren marubucin Ingila, a sa hannunsa guda shida da suka rage, bai rubuta sunansa iri ɗaya ba. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya taimaka wajen tsayar da rubutu a Ingila, na Noah Webster na 1828 kuma ya tsayar da na Amurka a kan wata hanyar, shi ya sa har yau ake da "colour" da "color", da "centre" da "center", kowanne daidai ne a ƙasarsa. Faransanci yana da majalisar da aka kafa tun 1635 don kula da harshen, Turanci kuwa bai taɓa samun irinta ba. Abin da ake kira daidai a cikinsa yarjejeniya ce da masu amfani da shi suka taru a kanta a hankali. Shi kuwa rikita "there" da "their" kuskure ne da waɗanda aka haifa da harshen suke yi kullum, saboda furucinsu ɗaya ne kuma hannu yakan bi kunne. Ba ya nuna ƙarancin basira ko kaɗan.

Amma kasancewar abu yarjejeniya ba ya rage masa ƙarfi, kuma nan ne gaskiyarka take. Idan mai karatu bai san ka ba, bai ji muryarka ba, ba kuma zai iya tsayar da kai ya ce me kake nufi ba, to takardar ita ce kai. Ma'aikacin da aka jibge wa ɗaruruwan takardun neman aiki don gurbi ɗaya neman dalilin rage su yake yi, kuma kuskure a layin farko dalili ne mai sauƙi. Ba ya cewa wannan bai iya nahawu ba, cewa yake yi wannan bai damu ya sake duba abin da ya aiko ba, to yaya zai riƙe aikinmu? Manyan ma'aikatu da yawa ma manhaja ce take fara tace takardun ta hanyar neman wasu kalmomi, kuma kalmar da aka rubuta ba daidai ba tana iya ɓace mata. Ni kaina ba na jin daɗin wannan ma'auni, domin na san yana zubar da haziƙan mutane saboda harafi ɗaya, kuma ya fi tsananta wa waɗanda suka koyi Turanci a makaranta, alhali su ne suka fi masu shi na asali yawa a duniya nesa ba kusa ba. Rashin jin daɗina bai kawar da shi ba, kuma wanda yake neman aiki dole ya san da zamansa.

Akwai kuma kurakuran da ke canza ma'ana ɗungurungum, waɗanda su ne suka fi cancanta a tsaya a kansu. A jihar Maine ta Amurka, direbobin wani kamfanin madara sun kai ƙara suna neman kuɗin ƙarin lokacin aiki. Dokar jihar ta jero ayyukan da ba a biyan wannan kuɗi a kansu, sai aka rasa waƙafi ɗaya kafin abu na ƙarshe a jerin, har ya zama ba a san ko rarraba kaya aiki ne mai zaman kansa a jerin ba, ko kuwa shirya kaya don rarrabawa kaɗai ake nufi. Direbobin rarrabawa suke yi, ba sa shiryawa. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce jimlar tana ɗaukar fassara biyu, ta karkata wajen direbobin, kuma a 2018 aka sasanta a kan dala miliyan 5. Ba sai an je kotu ba ma. Kwanan wata da aka rubuta 03/04 Ba'amurke zai karanta shi 4 ga Maris, Baturen Ingila kuwa 3 ga Afrilu, kuma mutum yana iya rasa intabiyu a kan wannan. Haka kalmar "not" idan ta faɗi daga jimla saboda gaggawa, sai saƙon ya juye gaba ɗaya. Da irin wannan ka gani a saƙon ƙanenka, da tambayarsa ta zama dole, kuma da ba zai ji ciwo ba, saboda tambayar mai son ya fahimta dabam take da gyaran wanda ya riga ya fahimta.

Matarka ta ce ka cika tsanani. Kada ka wuce wannan magana da sauri, domin tana ganinka a lokutan da ba ka ganin kanka. Ka tambaye ta cikin natsuwa ko ita ma kana yi mata haka, ko yaranku, kuma ka saurari amsar har ƙarshe. Mutanen da suka sha wuya kafin su ƙware a wani abu sukan kasa ganin kuskure a cikinsa su yi shiru, kuma ina zaton Turancinka bai zo maka a sauƙaƙe ba. Akwai kuma abin da zan faɗa maka a matsayin ɗan'uwa: ba ka da ikon samar masa aiki, amma kana da ikon gyara masa waƙafi, kuma zuciya idan ta rasa yadda za ta yi da babbar damuwa takan kama ƙaramar da hannu zai iya kaiwa. Gyaran yana rage maka zafin jira, shi kuwa yana ƙara masa.

Abin da za ka fara yi shi ne bin maganar mahaifiyarku, kuma kada ka yi shi a rubuce. Ka je inda yake, ko ka kira shi, ka ce masa ranar da ya zo muku da baƙin cikinsa ka tsaya kan kuskuren rubutu, hakan bai dace ba, kuma kana ba shi haƙuri. Ka tsaya nan. Kada ka ɗora "amma don amfaninka nake yi", domin wannan "amma" tana goge duk abin da ya gabace ta. Bayan haka ka tambaye shi yadda intabiyun ta kasance, tambayoyin da aka yi masa, inda ya ji ya yi kyau da inda ya ji ƙafarsa ta zame, tambayar da ya kamata a yi masa tun watan jiya. Tunda a gaban dangi abin ya faru, yana da kyau ka rubuta layi ɗaya ko biyu a zauren cewa ka yi kuskure a yadda ka amsa masa, ba tare da dogon bayani ba. Wannan ba zai rage maka girma ba, kuma zai sauƙaƙa masa dawowa ba tare da jin kowa yana kallonsa ba. Daga nan ka ɗaukar wa kanka alkawarin cewa ba za ka ƙara gyara rubutun kowa a zauren ba, sai inda ka kasa gane ma'ana.

Ka bar makonni su wuce kafin ka sake ta da zancen Turanci, kuma idan ka tashi, ka zo da shi a matsayin tayi. Ka ce masa duk lokacin da zai aika takardar neman aiki, idan yana son ido na biyu, kana nan, domin kowane marubuci yana buƙatar wanda zai duba masa. Wannan gaskiya ce, shi ya sa jaridu da kamfanonin ɗab'i suke ɗaukar masu tace rubutu, saboda idon mutum yakan ga abin da ya yi niyyar rubutawa ne maimakon abin da ke kan takarda. Idan ya kawo, ka fara da abin da takardar take faɗa: shin ta nuna abin da ya iya, ta dace da aikin da yake nema? Ka faɗa masa abin da ya yi kyau, da gaske ba don lallashi ba. Sannan ka zaɓi kurakurai biyu ko uku da suke maimaituwa, ka ja layi a ƙarƙashinsu, ka bar shi ya gano gyaran da kansa. Takardar da aka cika da jan biro daga sama har ƙasa ba ta koyar da komai sai tsoro, wanda kuwa ya gyara da hannunsa ya fi saurin riƙewa.

Akwai dabaru kaɗan da za su yi masa amfani ko ba ka kusa. Ya riƙa barin takarda ta kwana kafin ya aika, ya karanta ta da ƙarfi, domin kunne yana kama kalmar da ta faɗi da jimlar da ta yi tsawo. Ya kunna manhajar duba kalmomi, amma ya san iyakarta: sau da yawa ba ta damuwa idan ya rubuta "form" a wurin "from", ko "manger" a wurin "manager", tunda duk kalmomi ne na gaske. Ya zaɓi rubutun Ingila ko na Amurka ya tsaya a kan ɗaya a cikin takarda guda, kuma ya riƙa rubuta sunan wata da haruffa. Sunan wanda yake rubuta wa da sunan ma'aikatar kuwa ya duba su sau biyu, domin kuskure a nan ya fi kowanne tsada.

Mai yiwuwa ne ya ƙi tayin, aƙalla a yanzu. Idan haka ta faru kada ka matsa, kada kuma ka ɗauka ya raina ka. Wasu ƙannen sun fi iya karɓar gyara daga wanda ba ya ciyar da su, saboda a wajen yaya kowane kuskure yana zuwa haɗe da nauyin kuɗin makarantar da aka biya. Ka ba shi shawarar ya nuna wa wani abokinsa da ya riga ya sami aiki, ko tsohon malaminsa, kuma kada ka bi ka tambayi abin da suka ce. Mai yiwuwa ne kuma ya kawo takardar ka tarar da ita tsaf, ba abin gyarawa. Idan haka ne, ka faɗa masa da bakinka cewa ka yi masa mummunan zato, sannan ku mayar da hankali inda alamu suke nunawa, wato ɗakin intabiyu. Kuna iya zama ku gwada, kai kana tambaya yana amsawa, ko ya rubuta wa waɗanda suka yi masa intabiyu cikin ladabi ya nemi su gaya masa inda ya gaza, wasu sukan amsa. Idan kuwa ka ga yana juya haruffa ko tsallake su ko da ya natsu, kuma ka tuna haka yake tun yana firamare duk da ƙoƙarinsa, to yana da kyau ya ga ƙwararre a kan matsalar karatu da ake kira disleksiya, wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma faɗa ba ya maganinta.

Wani abu ya fi waƙafi damuna a cikin wasiƙarka. Matashin da ya shekara biyu ana ce masa a'a, yanzu kuma ya janye daga danginsa, yana buƙatar a sa masa ido. Ka tambayi mahaifiyarku ko yana cin abinci, yana barci, yana fita cikin abokansa. Idan janyewar ta wuce ta fushi da kai kaɗai, ku nema masa wanda zai yi magana da shi, likita ko mai ba da shawara, kada ku jira. Idan kuma Allah ya sa ya dawo zauren ya rubuto saƙonsa na farko, ba aya, ba babban baƙi, da "there" a wurin "their", ka karanta abin da ya faɗa ka amsa masa a kansa.